Kogin Malam

Ni 'yar Maradi ce, kuma kafin in yi aure duk sanin da na yi wa kogi bai wuce gulbinmu ba. In damina ta zauna ya taso jawur yana tsorata mutane, in rani ya yi sai ka tarar da yara suna buga ƙwallo a cikinsa. To sai Allah ya haɗa ni da mutumin da yake da kogi nasa na kansa, can a Ingila, ƙasar da bai taɓa sa ƙafa ba.

Malam nake ce masa, yadda kowa ke ce masa tun yana koyarwa a gida, kafin ya samu karatu a Lyon ta Faransa. Ni daga baya na biyo shi. Muka zauna a Bron, a wani ɗan gida saman bene, tiram, ɗan jirgin ƙasan cikin gari, na wucewa ta ƙarƙashin tagarmu yana kaɗa ƙararrawa. Ina aiki a farmasi, shi kuwa labarin ƙasa ya karanta, ɓangaren ruwa. Malaminsa na jami'a yana da abokan aiki a Ingila da ke bincike kan wani kogi na gabashin ƙasar, sai aka ba Malam aikin gano yadda ruwan ke hawa da sauka. Su can suna aunawa suna turowa, shi nan yana zaune gaban ordinata, wato kwamfuta. Da ya gama karatun aka riƙe shi aiki, kogin dai shi ne.

Wayyo, na sha labarin kogin nan har na ƙoshi! Wai ƙasar wurin shimfiɗe take kamar faifai, babu dutse babu tudu, shi ya sa ruwan ba ya gudu, tafiya yake irin ta tsohuwar da ta dawo daga kasuwa. Wai yana lanƙwasa ya komo, har ka ga hasumiyar coci a damanka, anjima ka gan ta a hagunka. Jiragen da ke bin sa dogaye ne sirara, da gado da murhu a ciki, kowa na iya haya ya tuƙa da kansa in an nuna masa. Akwai gadojin da sai ka sunkuya za ka wuce. Akwai kuma abin da ya fi so, ekulus: wani ɗaki ne na ruwa mai ƙofa gaba da baya, jirgi ya shiga a rufe, a sako ruwa ya ɗaga shi, sannan a buɗe ta gaba ya wuce. Ranar da na ce ban gane ba, mutumin nan ya ɗauko robobin wanke-wankena zai nuna mini, ya jiƙa mini darduma sharkaf. Na ce, "Malam, na gane, wallahi na gane, ajiye mini kayana."

Nakan ce masa ga koguna har biyu a tsakiyar Lyon, ya je ya kalla ya huta. Sai ya ce ɗaya ya cika gaggawa, ɗayan ya cika faɗi, nasa daban ne. Ɗaliban Nijar da ke zuwa cin tuwo gidanmu ranar Lahadi suka sa masa Sarkin Ruwa, wanda bai taɓa jiƙa ƙafa ba. Yana dariya ya ce su bari, rana na nan tafe. Ba ƙin zuwa ya yi ba. Takardar zaman Faransa ba ta shigar da mutum Ingila, sai an nemi biza daban. Hutu kuma na gida ne. Wane ɗa ne zai samu konje sau ɗaya a shekara ya ce wa uwarsa ya tafi yawo cikin jirgin ruwa?

Abu ɗaya ya nanata mini har na haddace, shi ne kogin nan da lokacinsa. Daga bazara zuwa kaka ake bin sa, sa'ad da ruwan ya kwanta, rana kuma ta yi tsawo. In sanyi ya shigo aka yi ta ruwan sama, sai ya cika ya tumbatsa, ya malale cikin makiyaya, jirgi ya kasa wucewa ƙarƙashin gada. A kafa alamar hani a bakin kowane ekulus, masu haya su ɗaure jiragensu sai baɗi.

Ciwon idon da dundumi ya fara. Da yamma in mun sauko daga tiram sai in ga yana laluben bakin titi da ƙafa. Na yi ta tsokanarsa, ina cewa tsufa ne ya zo da wuri. Sai wata rana ya yi karo da wata mata mai keken jariri da ke tsaye a gefensa, ya rantse bai gan ta ba. Likitan ido ya daɗe yana leƙawa, ya sake kiranmu, ya sake aunawa, sannan ya faɗa mana a fili, don su ba sa kwana-kwana. Ciwon yana cin gani daga gefe yana matsowa tsakiya, ba shi da magani, kuma na Malam yana sauri. Ya ce ba zai iya faɗin yaushe ba, amma in akwai abin da Malam yake son gani, kada ya jinkirta.

Muka koma gida. Sai da muka hau bene ya cire takalmi, sannan ya ce, "Bana za mu je kogin." Ya kuma ce kada kowa ya ji maganar idon, musamman Inna, mahaifiyarsa, a gida da Yaya Alhaji a Paris. Inna ta tsufa, ga hawan jini, in Alhaji ya ji kuwa Inna ta ji. Kun dai san mu da ciwo. Mutum na kwance rai a hannun Allah, ka ce masa yaya jiki, ya ce da sauƙi. An san Malam na zuwa wajen likita, an ga ya sa baƙin tabarau, duk wanda ya tambaya ya ce masa da sauƙi, a ce Allah ya ƙara sauƙi, a wuce wurin.

Alhaji wansa ne uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya riƙe shi bayan rasuwar babansu, shi ya sa shi lakwal, makarantar boko. Ya daɗe yana aiki a Yamai kafin a kawo shi Paris, a wata babbar ƙungiya ta ƙasa da ƙasa. Mutumin kirki ne, Allah ya sani, hannunsa a buɗe, amma in ya yi magana ya gama. Malam ba ya wata tafiya sai ya je ya shaida masa baki da baki. Na ce a buga waya mana. Ya dube ni kamar na yi saɓo.

Muka hau jirgin ƙasa wata Asabar. Da muka isa Paris na tsaya kasuwar Château Rouge na saya wa Hajiya, matar Alhaji, busasshiyar kuɓewa da daddawa, don ba a shiga gidan manya hannu rabbana. Muka tarar da falo a cike, ga abokan aikin Alhaji, ga wani dattijo baƙo daga gida da ya zo ganin likita. Aka gaisa, aka sake gaisawa, aka ci shinkafa, aka kawo shayi. Ina bakin ƙofar ɗakin girki da faranti a hannu lokacin da Malam ya gyara zama, ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, dama bana ina son in yi hutun a Ingila, in ga kogin nan da nike aiki a kai."

Alhaji ya ajiye kofi. "Bana? Cikin watan takwas? Ka san Inna ta ce bana tana son ta gan mu mu duka a gabanta. Kogi ai ba ya gudu." Sai ya juya wajen baƙinsa yana murmushi, irin na mai shirin yin kyauta. "Kuma ma wa ke zuwa ganin kogi kafin ya cika? Na yi shekaru a Yamai. Kogin Isa da ya ratsa garin sai da sanyi yake cika, lokacin ne manyan jirage ke tafiya. Ka bari sai hutun watan sha biyu, ni da kaina zan shirya muku komi. Ka ga kogi a ƙoshe, ba a rame ba."

Baƙi suka ce gaskiya ne, Allah ya saka wa Alhaji da alheri. Dattijon nan har ya ba da labarin yadda jirginsu ya taɓa kafewa a yashi da rani. Ni kuwa idona na kan Malam. Duk falon nan babu wanda ya san kogin sai shi, kuma 'yar magana kaɗan ce zai yi a wuce wurin. Sai ya ce, "To, Yaya. Allah ya kai mu."

A jirgin komawa Lyon ban bar shi ya huta ba, duk da Turawa na waiwayenmu. Na ce, "Haba Malam! Haba! Kai da ka jiƙa mini darduma don in gane ekulus, yau ka kasa buɗe baki ka ce da sanyi ba a bin kogin?" Ya ce, "A gaban baƙinsa? In nuna Yaya bai sani ba a gaban abokan aikinsa na biro?" Na ce to ya kira shi gobe su biyu. Ya ce in ya ce watan sha biyu bai yi ba, Alhaji zai ce to sai baɗi, in ya ce baɗi ya yi nisa, zai tambayi dalili, dalilin kuwa shi ne ba ya son faɗa. Na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya ce bin na gaba bin Allah ne. Na ce Allah bai ce ka makance da baki a rufe ba. Nan ya juya fuskarsa wajen taga, ni ma na gane kalmar ta fi ƙarfin bakina. Ranar ce ta farko da ɗayanmu ya ambaci makanta.

Na gwada ta wajen Hajiya. Na kira ta na yi ta kewaye-kewaye, na ce likita ya ce idon Malam yana son haske, tafiyar watan takwas ta fi masa. Ta ce ai haske sai gida, ranar Maradi ta ishi kowa. Hannunka mai sanda nake yi mata, ba ta gane ba, kuma ba laifinta ba ne. Malam ya riga ya ɗaure bakina da alkawari.

Muka tafi gida cikin damina. Ba zan yi ƙarya in ce tafiyar banza ce ba. Gulbi ya cika, gero ya yi kai, Inna ta zaunar da 'ya'yanta kan tabarma tana ta zolayarsu kamar yara. Na lura Malam yana matsowa kusa da ita, yana juya kai a hankali yana bin fuskarta, goshi, kunci, haɓa, don a lokacin ba ya iya ganin fuska gaba ɗaya. Inna ta ce, "Kai, wanga kallo fa? Yau ka fara ganina?" Aka yi dariya, ni na tashi na shiga ɗaki. Wannan dai ya samu, kuma har gobe ina gode wa Allah da ya samu. Amma hutun ai dogo ne. Da an san gaskiya da an raba shi biyu, Inna da kanta ce za ta kore shi ya tafi.

Alhaji kuwa bai manta ba. Ya tsaya mana har biza ta fito, ya tanadi masauki, ya sa sakatariyarsa ta nemi masu hayar jirgi. Da sanyi ya shigo, sai ga wayarsa wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, murya cike da mamaki. "Kai, waɗanga mutane! Wai sun rufe. Wai ruwa ya yi yawa. Ka taɓa jin inda ruwa ya yi wa jirgi yawa?" Malam ya ce, "Haka suke yi, Yaya." Alhaji ya ce, "To kai ba ka sani ba?" Malam ya ce, "Shaf na manta, Yaya." Alhaji ya yi dariya ya ce malamai ke nan, to a bari sai bazara.

Na ce mu je hakanan, ga biza a hannu, ko daga bakin gaɓa ne ya tsaya ya kalla. Ya ja ni zuwa taga. Rana tsaka ce, amma gajimare ya sauko, Bron ta yi toka-toka. Ya ce, "Nan ma tiram ɗin can ƙararrawarsa kawai nake ji. Can ya fi nan duhu, rana ba ta daɗewa. Kuma yanzu babu kogi, tabki ne, ya haɗe da makiyaya, ba a gane inda ya fara." Ya ce mu jira haske. Kullum da safe yana duba awon ruwan da mutanen Ingila suka turo, ya mai da harufan manya-manya kamar na 'yan lakwal, hancinsa kusan manne da gilashi, yana gaya mini yau ya fara sauka, yau kuma ya sake hawa.

Hasken ya zo, bai same shi ba. Tun kafin itatuwa su yi toho ya tashi wata safiya ya ce mini tsakiyar ma ta yi dishi-dishi. Muka ruga asibiti, suka yi iya yinsu, babu. Lokacin da masu jirage suka kwance igiyoyinsu, Malam yana iya bambance taga da bango, shi ke nan. Aka ba shi farar sanda, wata mata ta riƙa zuwa tana koya masa hanyar tashar tiram. Ordinatarsa ta koma karanta masa komi da baki. Aikin kuwa bai bari ba, har yanzu yana yi.

Farar sanda ba ta ɓoyuwa. Wani ɗalibi ya gan shi ya faɗa wa wani, kafin mu ankara Alhaji ya sauka a Lyon, ba sanarwa, ba ko jaka. Ban taɓa ganin mutumin nan haka ba. Ya shigo ya tsaya tsakiyar falo da babbar rigarsa, Malam ya miƙa hannu wajen da ba nan yake ba. Sai Alhaji ya zauna a ƙasa, ƙasa fa, ya kama hannun ƙaninsa yana kuka kamar yaro. "Tun yaushe? Tun yaushe ka sani?" Malam ya ce tun bara. "Ranar da ka zo gidana ka sani?" Ya ce ya sani. "Kuma ka san da sanyi ba a bin kogin?" Alhaji ya juyo gare ni. "Ke ma kin sani?" Na ce, "Na sani, Yaya." Ya ce, "Kun cuce ni. Wallahi kun cuce ni. Ni dodo ne?" Haushinsa da na daɗe ina riƙewa, ranar ya zube. Rashin sani ya fi dare duhu, mutumin nan alheri ya yi nufi.

Da ya share ido sai ya koma Alhajinsa. Ya ce bana ba maganar gida, shi zai yi wa Inna bayani. Zai ɗauki hutu ya raka mu, mu uku, a hau jirgin tun daga sama har bakin teku, shi zai riƙa buɗe ƙofofin ruwan da hannunsa. Na ce a raina to ko yanzu ma. Malam ya yi godiya mai tsawo, ya yi masa addu'a, sannan ya ce, "A'a, Yaya. A bari." Tunda nake da shi ban taɓa jin ya ce wa wansa a'a ba, sai ranar da ba ta da amfani. Alhaji ya roƙa, ya yi faɗa, ya sake roƙo. Da la'asar na raka shi tashar tiram, yana tafiya kamar an ɗora masa buhu.

Na dawo da faɗana a baki. Na ce, "Malam, wai kai wane irin mutum ne? Da ana hana ka ka yi shiru, yanzu ana ba ka ka ce a'a. Ai ko ba ka gani ba ka sha iskar wurin, ka ji jirgi na ɗaga ka, ka sa hannu cikin ruwan. Ni zan zama idonka, duk abin da na gani in faɗa maka."

Yana zaune kan kujera, sandar a jingine da gwiwarsa. Ya ce in zauna. Ya ce akwai abin da bai taɓa gaya mini ba, don ya san zan ce shirme ne. Can kusa da teku, inda aka janye ruwan fadama aka yi gonaki, ƙasar ta bushe ta lotsa har ta koma ƙasa da kogin. An yi wa kogin ganuwa dama da hagu, yana tafiya a sama, gonaki na ƙasa. Manomi na cikin gonarsa sai ya ɗaga kai ya ga jirgi yana wucewa ta samansa.

Na ce, "Kai Malam, ruwa a sama, gona a ƙasa?"

Ya ce, "Kin ji ko? Ni ma haka. Na auna, na ga hotuna, na rubuta, na tsaya gaban ɗalibai na koyar da shi, amma wallahi zuciyata ba ta taɓa yarda ba. Tun ina yaro na san ruwa gangare yake bi. So nake in tsaya cikin gonar nan in ɗaga kaina in gani da idona." Ya laluba ya gyara sandar da ke shirin zamewa. "Yanzu ko an kai ni, sai dai ki faɗa mini. Faɗa kuwa, ai an daɗe ana faɗa mini."

Tun ranar ban sake tayar masa da maganar ba.